Tawakkali ko Himma: Muhawarar Malaman Makaranta Kirista a Gamkalley

Duk wanda ya san birnin Yamai ya san Gamkalley, tsohon ƙauyen nan na bakin kogin Isa wanda birni ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye shi ya mai da shi unguwa, inda majema ke jiƙa fatu a gaɓar ruwa, masu garka ke ban ruwan salati da kabeji, ga kuma masana'antu daga bayansu. Galibin mazaunanta Musulmi ne, kamar yadda yake a ko'ina cikin Nijar, inda ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma a cikin 'yan ƙalilan ɗin nan akwai malaman makaranta, maza da mata, waɗansu a lakwal ta gwamnati, waɗansu a makarantun kuɗi, waɗanda ke wuni suna karantar da 'ya'yan maƙwabtansu, ran Lahadi kuma su tafi majami'a su saurari wa'azi. A cikin nasihar da akan yi musu, musamman idan lokacin komawa makaranta ya ƙarato, akwai wata magana da ke yawan dawowa, wato kada malami ya dogara ga ƙoƙarinsa da basirarsa da takardar shaidarsa, ya jingina al'amarinsa ga Allah, domin Shi ne mai buɗe zuciyar yaro. Wannan magana ta raba su gida biyu: akwai masu jin ta kamar an sauke musu kaya, akwai kuma masu tsoron kada ta zama mafakar kasala, kuma tun da kowane ɓangare yana da nassi a hannunsa, mas'alar ta cancanci a zauna a auna ta a tsanake.

Fatawa ba ta inganta sai an san halin wanda ake ba ta, saboda haka wajibi ne a fara da halin mai alli. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 hukuma ta koma ɗaukar malaman kwantaragi, domin yara sun yi yawa kuma baitulmali ba ta iya biyan kowa cikakken albashi, har aka wayi gari su ne mafi yawa a makarantun firamare, kuɗinsu kaɗan, sau da yawa kuma sai ya yi jinkiri, daga nan sai yajin aiki. Aji a cike yake maƙil, yaron da ya tashi da Zabarmanci ko Hausa a bakin uwarsa kuma ya tarar da Faransanci a kan allo. A binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada ƙasashe 10 na Afirka masu amfani da Faransanci, Nijar ce ta zo ƙarshe, fiye da yara tara cikin goma masu gama firamare ba su kai mizanin karatu da ake bukata ba. A na 2019 an sami ci gaba, amma duk da haka mafi yawa suna ƙasa da mizanin. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, dubbai suka rasa aikinsu. A 2024 kuwa ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda ruwa ya ci gidajensu. Mutumin da ke cikin wannan hali ne ake ce wa ya dogara ga Allah.

Masu goyon bayan tawakkali suna farawa da Manzo Bulus, wanda a wasiƙarsa ta fari zuwa ga mutanen Koranti, sura ta 3, ya kwatanta kansa da mai shuka, ya kwatanta Afolos da mai ban ruwa, sannan ya mayar da tsiro da girma ga Allah shi kaɗai. Su ƙara da Zabura ta 127, wadda ke nuna cewa wahalar magini banza ce idan Ubangiji ba ya cikin ginin. Amma wanda ya fi kowa zurfafa wannan hujja a kan sha'anin koyarwa ɗan Afirka ne, wato Agustin, bishop na Hippo, garin da a yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430. Wajen shekara ta 389 ya rubuta wani ƙaramin littafi a kan malami, a siffar tattaunawa tsakaninsa da ɗansa Adeodatus, inda ya kafa hujja cewa kalmomin malami ba su zuba ilimi cikin kan almajiri, iyakarsu su farkar da shi ya duba, ganewa kuwa daga wani Malami take zuwa wanda ke koyarwa daga ciki, shi ne Almasihu. Ko wanda bai yarda da aƙidar Agustin ba, in dai ya taɓa riƙe alli, ba zai musanta abin da ya gani da idonsa ba: darasi ɗaya, murya ɗaya, yara biyu a benci ɗaya, wannan ya gane nan take, wancan ya yi ta kallon allo har wata ya shuɗe, sannan wata rana da hantsi, ba tare da an ƙara masa komai ba, sai abin ya buɗe masa. Malamin da ya ce shi ne ya buɗe, ya yi da'awar abin da ba ya iya maimaitawa idan an ce ya sake.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ƙarfi a ganina, domin ta shafi zuciyar malamin ce. Sun ce wanda ya ɗora ƙimar kansa a kan natijar aikinsa yana tafiya ne tsakanin ramuka biyu, ujubu idan yara sun ci, yanke ƙauna idan sun faɗi, kuma a irin halin da aka ambata faɗuwa ta fi yawa. Malamin da ya yanke ƙauna kuwa alamominsa ba su ɓuya: ko ya ɗauki bulala ya huce a kan yara, ko ya zauna a inuwa ya bar babban ɗalibi yana jan karatu, ko kuwa, wanda ya fi muni domin ba a cika lura da shi ba, ya zaɓi 'yan sahun gaba masu kaifin ƙwaƙwalwa ya yi ta yi da su, ya bar na baya kamar ba a haife su ba, tun da su ne masu rage masa lissafi a gaban mai duba makarantu. Wanda ya miƙa natija ga Allah shi ne zai iya ci gaba da zama da yarinyar da ta wuni tana talla ta zo aji tana gyangyaɗi, alhali ya san ba za ta ƙara masa suna ba. Shi dai Agustin ɗin nan, wajen shekara ta 400, wani mai hidimar ikkilisiya a Kartaj mai suna Deogratias ya kai masa kukan cewa ya gaji da maimaita darasi ɗaya ga sababbin shiga, har maganarsa ta fara gundurar shi kansa. Sai ya rubuta masa littafi guda, inda bayan ya tsara masa yadda zai jera darasin, ya dawo ya yi dogon bayani a kan maganin gajiyar zuciya, yana mai nuna cewa ƙaunar mai saurare ce ke mayar da tsohon zance sabo.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da Kiristan Nijar, wanda ba a cika faɗarsa da ƙarfi ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, a tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Hukuma ta ƙirga 45 a Yamai kaɗai, har da makarantar Kirista da gidan marayu, mutum 10 kuma suka rasu a garuruwan biyu, ko da yake an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu suka kare su. Malamin da ya ga wurin ibadarsa ya zama toka, sannan ya koma aji ya tsaya gaban 'ya'yan garin yana koya musu jam'i da ɗebewa ba tare da ƙullaci ba, idan ya ce ba da ƙarfinsa ya yi ba, ban ga wanda ya isa ya ƙaryata shi ba.

To, sai masu goyon bayan himma. Waɗannan ba su musun ikon Allah ba, kuma zalunci ne a siffanta su da ƙarancin bangaskiya. Abin da suke cewa shi ne wa'azi ba a sama yake tsayawa ba, cikin kunne yake faɗawa, kuma kunnen rago yana jin abin da yake so. Sun ce Bulus da ake kafa hujja da shi ya yi shukar tukuna kafin ya yi maganar tsiro, shi ne kuma mai ɗinkin tanti da ya ci da guminsa, wanda ya hukunta wa mutanen Tasalonika cewa mai ƙin aiki ba shi da rabo a akushi. Wasiƙar Yaƙub, sura ta 3, ta yi gargaɗi cewa hisabin masu koyarwa ya fi na sauran mutane tsanani. A Linjilar Matiyu, sura ta 25, bawan da aka la'anta shi ne wanda ya binne amanar ubangidansa ya zauna. Nehemiya kuma, sa'ad da yake gina garun Urushalima, ya haɗa addu'a da tsayar da masu gadi dare da rana. Idan yaro ya shekara shida a lakwal ya fito bai iya karanta takardar asibitin uwarsa ba, wa za a tambaya? Kalmar nan ta “Allah bai nufa ba” gaskiya ce a bakin wanda ya shirya darasinsa, ya duba kayen yara, ya zo kan lokaci. A bakin wanda bai yi ko ɗaya ba kuwa ƙazafi ce ga Ubangiji, domin ya ɗora wa ƙaddara abin da sakacinsa ya haifa. Jarrabawar 2017, duk da ƙorafin da ƙungiyoyin malamai suka yi a kan yadda aka gudanar da ita, ta tona wani abu mai ɗaci, cewa akwai masu koyar da abin da su kansu ba su ƙware a kai ba, kuma ba a taɓa jin wanda azumi ya koya wa rabawa mai dogon lissafi ba.

Hujjar da ba na iya wucewa a cikin nasu ita ce ta gobara. Ranar 13 ga Afrilu 2021, a unguwar Pays-Bas da ke nan gabashin Yamai, ba nisa ƙwarai da Gamkalley, wuta ta tashi a wata makaranta mai azuzuwan zana, yara kimanin 20 suka rasu, yawancinsu 'yan ƙanana. A watan Nuwamba na wannan shekara irin haka ta sake faruwa a Maraɗi, inda fiye da 20 suka rasu, sannan ne gwamnati ta hana sa ƙananan yara 'yan share fage a irin waɗannan rumfuna. A wurin ta'aziyya kowa ya ce ƙaddara ce, kuma daidai ne a faɗi haka ga uwar da ta rasa ɗanta, domin babu wata kalma da za ta riƙe ta sai wannan. Amma zana da kara suna cin wuta tun kafin ranar, kowa kuma ya sani. Idan hanin ya zama daidai bayan gobara, to, wajibi ne tun kafin ta. Linjila ta ba da labarin cewa Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, tun da an yi alkawarin mala'iku za su tare shi, sai ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Masu himma suna cewa yawancin abin da muke kira tawakkali a makarantunmu irin wannan dirowar ce, sai dai da 'ya'yan mutane ake yin ta.

Saura tuhuma ta uku, wadda akan faɗa a hankali bayan an tashi daga taro, wato a duba bakin da wa'azin ke fitowa. Idan mai makarantar kuɗi ya karɓi kuɗin iyaye, ya riƙe albashin malamai wata ya bi wata, sannan ya buɗe taro da addu'a ya yi musu nasiha a kan tsuntsayen sama da ba su noma amma suna ci, lalle ya ɗauki magana ta gaskiya ya yi garkuwa da ita, alhali wasiƙar Yaƙub ɗin nan, a sura ta 5, ta nuna cewa ladan ma'aikaci da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Haka nan wanda zai ce wa malamin kwantaragi neman haƙƙinsa tare da 'yan'uwansa rashin bangaskiya ne.

Wannan tuhuma ba sabuwa ba ce, kuma an taɓa amsa ta amsar da har yau ban ga wadda ta fi ta ba. Jean-Baptiste de La Salle, wanda aka haifa a Reims ta ƙasar Faransa a 1651, ɗan gidan masu hali ne, yana da kujerar limanci mai albashi a babbar majami'ar garin. Ya tara waɗansu talakawan malamai domin karantar da 'ya'yan matalauta kyauta, da ya ga hankalinsu ya tashi a kan abin da za su ci idan sun tsufa ko makarantun sun rushe, sai ya yi musu wa'azin dogara ga tanadin Allah. Suka amsa masa ba kunya, cewa maganar tana da sauƙi a bakinsa, domin in komai ya watse shi yana da kujerarsa da gadonsa, su kuwa sai bara. Bai kore su ba, bai kuma ce sun yi rashin ladabi ba; ya ga sun fi shi gaskiya, ya ajiye kujerar a 1683, sannan a yunwar da ta biyo baya ya rabar da dukiyarsa ga mayunwata, har ya zama daidai da su, daga nan ne wa'azinsa ya sami shiga. Abin lura kuma shi ne, wannan mutum da ya kai tawakkali iyakarsa shi ne ya bar littafin tafiyar da makaranta wanda bai bar komai ga sa'a ba, tun daga yadda za a kasa yara gwargwadon matakinsu, da yadda za a rubuta halin kowane ɗalibi domin malamin da zai gaje shi, har ya kafa wurin horar da malaman ƙauye. Ya kuma ce a fara koya wa yara karatu da Faransancin da suke ji a gida maimakon Latin, abin da ya kamata masu tsara karatun yaron Gamkalley su yi tunani a kansa. Ya rasu a 1719, Fafaroma Pius na 12 ya ayyana shi majiɓincin malaman makaranta a 1950, 'yan ɗariƙarsa kuma suna nan Yamai, su ne aka sani da makarantar koyon sana'a ta Issa Béri.

Musulmi maƙwabtan malaman nan, idan suka ji wannan jayayya, za su gane ta, domin malamai sun daɗe da tsefe ta tun zamanin saɓanin Jabariyya da Ƙadariyya. Kowane almajiri ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya bayyana cewa barin sababi tabbatacce, kamar mai yunwa ya ƙi miƙa hannu ga abincin da ke gabansa, wauta ce da ba ta da alaƙa da tawakkali. Ibn Aɗa'illah kuma ya buɗe Hikam ɗinsa da nuna cewa wanda fatansa ke raguwa idan ya yi tuntuɓe, ashe ga aikinsa ya dogara. Gazali ya tsaya wa masu himma, Ibn Aɗa'illah ya tsaya wa masu tawakkali, kuma a zaure ɗaya ake karanta su ba wanda ya ce sun yi karo.

Inda nake ganin masu wa'azi suka zame shi ne wajen ƙiyasi. Babbar mujadalar da ikkilisiya ta yi a kan alheri da aiki, tsakanin Agustin da Pelagius, wadda majalisar Kartaj ta yanke a 418, a kan ceto ce, wato ko mutum yana iya tsira da ƙoƙarinsa ba tare da alherin Allah ba, aka ce ba ya iyawa. Ɗauko wannan hukunci a ɗora shi a kan shirin darasi da duba kaye ƙiyasi ne da bai cika sharaɗi ba, domin ceto kyauta ne, aikin aji kuwa ijara ce da amana, an yi yarjejeniya da kai a kan yaran mutane. Majemin bakin kogi ya san rabon nan sarai: jiƙawa da kankare gashi da tsoma fata a ruwan bagaruwa nasa ne, kamawar bagaruwar kuwa ba ya iya gaggauta ta ko da zai kwana a tsaye, amma ba a taɓa jin fatar da ta jemu ba a kankare ta ba. Saboda haka duk wa'azin da ya jera tawakkali da himma kamar kishiyoyi, ya ce a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, ya ɓata mas'alar tun daga tushe, ko da kowace aya da ya jawo sahihiya ce.

Duk da haka ba zan bai wa masu himma dukan gaskiya ba, domin maganinsu ba ya warkar da mai ciwon da ya fi ban tausayi. Akwai malamar da ke sayen alli da kuɗinta, ta tsaya bayan an tashi domin yara uku da suka kasa, ta koma gida da ciwon kai, sannan sakamako ya fito ta ga rabin aji ya faɗi, ta ɗauka ita ce ta kashe su. Idan aka ce mata ta ƙara ƙoƙari an ƙarasa ta; ita ce ainihin wadda aka yi wa'azin tawakkali dominta, kuma idan ta bar aikin, yaran ne suka yi hasara. Matsalar ita ce benci ɗaya take zaune a majami'a da malamin da ke zuwa aji bayan rana ta take, wa'azi ɗaya suke ji, ita ta tafi da rabin ta'aziyyar da take bukata, shi kuwa ya tafi da cikakken uzuri.

Hukuncina shi ne maganar tawakkali gaskiya ce, amma tana da sharuɗɗa biyu, ɗaya a kan mai ji, ɗaya a kan mai faɗi: mai ji sai ya sauke farillarsa, mai faɗi kuma sai ya zama ba a hannunsa haƙƙin mai jin ya maƙale ba. Ina roƙon fastoci da limaman majami'un Yamai, idan za su yi wa malamai nasiha a farkon shekarar karatu, su karanta sura ta 3 ta Korantiyawa tare da sura ta 3 ta Yaƙub a zama ɗaya, su kuma riƙa zagayawa su san wane ne ya gaji, wane ne ya yi sake, domin su ba kowa nasa. Masu makarantu kuwa, wanda duk ake binsa albashin wata, ya biya tukuna kafin ya tara malamai ya yi musu wa'azin tsuntsaye.